Yadda ake kafa lambun tunawa da mamata a harabar masallaci ko coci

Tun da yaƙin nan ya ɓarke a watan Afrilun 2023, da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Sudan ka tarar ba a yi rashi ba. Wani an binne shi a tsakar gida a Khartum saboda ba halin kai shi maƙabarta, wani a gefen hanya tsakanin Madani da Sinnar, wani kuwa har yau ba a san inda ya kwanta ba. Uwa tana son wurin da za ta zauna ta yi wa ɗanta addu'a, babu. Wannan ya sa mutane ke yawan tambayata yadda ake dasa itatuwa da sunan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Aikin lambu na gada a Mai Wurno, bakin reshen kogin Nilu da Larabawa ke kira Bahar Azraƙ, kuma na kafa irin wannan lambu a harabar masallatai da makarantun allo, na kuma taya maƙwabtanmu Kiristoci 'yan Dutsen Nuba kafa nasu a bayan cocinsu a Gadarif. Aikin ƙasa ɗaya ne, ko masallaci ko coci. Mu Musulmi muna da madogara a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, cewa idan ɗan Adam ya mutu ayyukansa sun yanke sai uku, ta farkonsu sadaka mai gudana. Akwai kuma hadisin Anas a Buhari da Muslim, cewa duk Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. Sai dai itacen da ya bushe a bazarar farko ba ya ciyar da kowa, kuma yana sabunta wa iyalan mamaci baƙin ciki. Saboda haka duk bayanin da zan yi maka, ɗan'uwa, yana komawa ga abu biyu: ruwa da shinge. Ka gama da su kafin ka sayi dashe ko ɗaya.

Kayan aiki

Za ka buƙaci diga, shebur, babbar fartanya irin wadda ake kira turiya, baro, igiya mai tsawon mita 30, turaku, wuƙa mai kaifi, da jarka mai cin lita 20 guda biyu ko uku. Sai ganga mai cin lita 200 aƙalla ɗaya, ta ajiyar ruwa. Sai takin dabbobi wanda ya shekara ya ruɓe, yashin bakin kogi, toka, busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, da kayan shinge. In akwai hali, ka sayi ƙananan tuluna na yumɓu waɗanda ba a shafa musu komai ba, ɗaya ga kowane itace. Kada ka manta da littafi mai bango mai ƙarfi da biro. Shi ma kayan aiki ne, za ka ga amfaninsa.

Idan babu diga, ƙarfe mai tsini da ake haƙa rijiya da shi ya isa. Idan babu baro, buhu da mutum biyu sun yi.

1. Neman izini da zaman shawara

Fara da masu wurin: liman da kwamitin masallaci, ko malamin makaranta, ko fada, wato limamin coci, da dattawan cocin. A auna filin a gabansu, a rubuta a takarda cewa an keɓe shi domin itatuwa, shaidu su sa hannu. Na ga lambun da ya shekara uku ya yi kyau, aka sare shi a wuni ɗaya saboda za a faɗaɗa gini, don tun farko da baki kawai aka yi magana. Ka tambaye su kai tsaye ko akwai niyyar gini a nan gaba, kuma ta wane gefe.

A wannan zama a yanke magana uku. Ba a binne kowa a lambun, ba maƙabarta ba ce. 'Ya'yan itatuwan waƙafi ne, na kowa da kowa, har da almajiri da mai wucewa. Sannan a faɗi sunan mutumin da ban ruwa ke wuyansa, da wanda zai maye gurbinsa in ya yi tafiya. Idan aka ce "jama'a za su riƙa kula", to ka sani ba wanda zai kula.

2. Duba ƙasar kafin a sa diga

Idan an yi faɗa a unguwar, kada ka haƙa ko'ina sai waɗanda suka san aikin sun duba. Harsashin da bai fashe ba yana kwanciya a ƙasa shekaru. Duk ƙarfen da ba ka gane ba, kada ka taɓa shi, kada ka bar yaro ya matsa kusa, ka sa alama ka kai rahoto. Ka kuma tambayi waɗanda suka zauna a unguwar lokacin tashin hankali ko an binne wani a filin. In an binne, a bar wurin da mutuncinsa, a matsa gefe.

Daga nan sai gwajin ƙasa. Yankinmu na Sinnar da Jazira da Gadarif baƙar laka ce, mai tsagewa da rani har ƙafar akuya ta shige, mai kumbura da damina ta riƙe ruwa kamar kwano. Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, cika shi da ruwa da yamma, ka dawo da safe. In ya tsotse, madalla. In ruwan yana nan har wata yammar, wurin yana kwantar da ruwa, sai ka dasa a kan tudu, ko ka zaɓi itacen da ke jure haka, kamar bagaruwa. A Kassala da wuraren yashi matsalar akasin haka ce: ruwa na wucewa da sauri, sai a ƙara taki a kuma yawaita ban ruwa kaɗan-kaɗan.

3. Lissafin ruwa

Nan ne ake sanin yawan itatuwan da za a dasa, ba daga yawan sunayen mamata ba. Sabon dashe yana son jarka ɗaya ta lita 20 sau biyu a mako tun daga ɗaukewar ruwan sama, wajen Oktoba, sannan sau uku a mako a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Itace 12 ke nan za su sha lita 480 a mako da hunturu, kusan ganga biyu da rabi, da bazara kuma lita 720. Je ka tambayi mai karo, wato mai sayar da ruwa a amalanken jaki, nawa yake kawo ganga, ka ninka da makonnin wata takwas, ka faɗa wa jama'a kuɗin a fili. In abin da za a iya ɗauka na itace shida ne, a dasa shida. Iyalai biyu ko uku suna iya tarayya a itace ɗaya, ladan Allah ba ya ƙarewa.

Masallaci yana da wata ni'ima da ake bari tana zuba a banza, wato ruwan alwala. Ɗan magudani daga wurin alwala zuwa gindin itatuwa yana rage rabin wahala. Amma a tabbata bai haɗu da ruwan bayan gida ba, kuma a hana wanki da omo a wurin, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa a laka ya ƙone saiwa.

4. Zaɓen itatuwa

Ni dai na fi son itacen da ke ba da inuwa ya kuma ba da abin ci ko magani, mai haƙuri da ƙishirwa.

Kurna, wadda ake kira sidir a nan, ita ce ta farko a wurina. Yara na cin 'ya'yanta, ƙudan zuma na son furenta, ganyenta kuma da shi ake wankan gawa, don haka unguwa ba ta rasa bukatarsa. Tana da ƙaya, sai a sa ta can gefe, nesa da inda ake tafiya ba takalmi. Aduwa ma haka, ba ta da saurin girma amma in ta kama ba ruwanta da fari. Tsamiya itacen jikoki ce: wanda ya dasa ba lallai ya sha inuwarta sosai ba, amma tana daɗewa ƙwarai, kuma kowane azumi za a nemi 'ya'yanta. Kuka tana son fili mai faɗi, ɗaya ta isa, kuma ka san miyar gidaje nawa za ta kaɗa.

Don inuwa da wuri, dogon yaro. Don abin da za a fara mora a shekarar farko, zogale. Lemun tsami da gwaiba suna da daɗin sha'ani amma masu shan ruwa ne, kada ka sa su sai kana da famfo ko kana kusa da kogi. Lalle yana yin shinge mai kyau ta ciki, furensa da ƙamshi da yamma, mata kuma suna amfana. Kusa da wurin zama a shuka ɗoɗɗoya da na'a-na'a.

Akwai waɗanda nake hanawa. Miskit, wani itace mai ƙaya da aka shigo da shi Sudan a 1917, ya cinye gonaki da magudanan ruwa har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. In ka ga ya tsiro, tuge shi tun yana ƙarami. Itacen da ake kira damas yana da kore mai ban sha'awa, amma saiwarsa tana bin bututun ruwa da ramin bayan gida. Furen nan mai dogon ganye da ake kira wardil hamir guba ne daga ganye har itace, ba shi da wuri inda yara ke wasa. Ita kuwa fulawar nan mai hawa bango da ake kira jahannamiya, ba ta da laifin komai kuma tana jure rana, amma ka tambayi iyalai tukuna. Wata tsohuwa ta taɓa roƙona da hawaye kada in sa abu mai wannan suna kusa da itacen ɗanta, na kuwa cire.

Dashe ana samunsa a mashtal, wato wurin renon dashe, na hukumar gandun daji ko na 'yan kasuwa. Zaɓi mai tsawon kamu ɗaya zuwa biyu, mai kauri a gindi. Ɗaga ledar ka duba: in saiwa ta fasa ta shiga ƙasa, ko ta nannaɗe kamar gammo, bar shi. In babu mashtal kusa, yi renon da kanka wata uku ko huɗu kafin damina. Ƙwallon kuka da na tsamiya a ɗan kankare ɓawon a jiƙa su kwana ɗaya. Irin dogon yaro a shuka shi da ɗanyensa, don in ya yi 'yan makonni ba ya tsira. Zogale da lalle kuwa reshe ake yankowa a kafa. Ko ta wace hanya, ka tanadi rarar dashe, ɗaya a kan kowane huɗu, ka ajiye a inuwa.

5. Awo da shata

Ja igiya ka kafa turaku. Tsakanin dogon yaro da ɗan'uwansa mita 8, tsamiya mita 10, kuka ta fi haka, kurna da aduwa mita 7, lemun tsami da gwaiba mita 5, zogale mita 2 zuwa 3. A ido za ka ga kamar an yi ɓarnar fili, dattawa ma za su ce a ƙara cusa wasu a tsakani. Kada ka yarda. Cike tsakanin da zogale, wanda za a iya cirewa bayan manyan sun haɗe.

Babban itace kada ya matsi gini da ƙasa da mita 8. A baƙar laka saiwa tana tsotse danshin ƙarƙashin tushe da rani, ƙasa ta motsa, bango ya tsage. Ka kuma ɗaga kai ka duba wayar lantarki. Bar hanya mai faɗin mita ɗaya da rabi daga ƙofa zuwa wurin zama, yadda tsoho mai sanda da mai riƙe da shi za su wuce tare, a zuba mata tsakuwa ko fasasshen jan bulo saboda caɓin damina.

6. Shinge

Kafin rami, shinge. Akuya ɗaya tana gama da aikin wata shida kafin a idar da sallar la'asar. In akwai kuɗi, ragar waya mai tsawon mita ɗaya da rabi da ƙofa mai sakata. In babu, a kewaye kowane dashe shi kaɗai: turaku huɗu da rassan ƙaya a saƙa su sosai, ko jan bulo a jera shi da ramuka-ramuka don iska ta shiga, ko tsohuwar ganga da aka fasa gindinta aka huhhuda jikinta. Ganga tana zafi da bazara, sai a shafa mata farar ƙasa. Faɗin kewayen ya kai mita ɗaya, don akuya tana miƙewa a kan ƙafafun baya ta zura wuya.

7. Haƙa rami

A haƙa a watan Mayu ko farkon Yuni, a bar shi ya sha rana da ruwan farko. Faɗi santimita 60, zurfi 60. Ƙasar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a wani gefen. Ka farfasa bangon ramin da diga, kada ka bar shi sumul, domin a laka bango mai santsi yana zama kamar tukunya, saiwa ta yi ta zagaye a ciki.

Haɗa ƙasar sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya, da toka cikin tafi biyu. Kuskuren da na fi gani shi ne a cika ramin da yashi zalla wai don a taimaki dashen. Ruwan damina sai ya taru a ciki ya rasa mafita, saiwa ta ruɓe. Ɗanyen taki kuma yana ƙona saiwa yana kiran gara.

8. Ranar dashe

Jira damina ta zauna, wato an yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku ƙasa ta jiƙu da zurfi. A wajenmu yawanci cikin Yuli ne. Mutanen Bur Sudan su lura, nasu ruwan da hunturu yake zuwa, don haka lokacinsu daban. A yi dashen da yamma.

Yanka ledar da wuƙa daga gefe, ka cire ta gaba ɗaya, ka tallabi ƙasar kada ta warwatse. Zaunar da dashen yadda wuyansa zai yi daidai da yadda yake a leda, a laka ma ya ɗan fi bakin ƙasa da yatsu uku. Binne wuya yana kashe dashe a hankali, ba a gane dalili. Mayar da ƙasa, danna da tafin hannu, kewaye shi da ɗan tudu kamar bakin faranti, ka zuba jarka guda a hankali. In kana da tulu, binne shi har wuya, taƙi ɗaya daga dashen, cika shi da ruwa ka rufe bakin da fasasshen kasko. Yana tsattsafowa kai tsaye ga saiwa, ruwan da rana za ta sha ya ragu sosai, rufin kuma yana hana sauro. In babu tulu, jarkar roba da aka huda da allura a gindi ta yi.

Ka bar iyalan su sa ƙasar da hannunsu, kai ka tsaya gefe kana nuna musu. Kada a mayar da ranar biki. Addu'a a taƙaice, a sha ruwa, a watse. A cocin Gadarif ma haka suka yi, suka yi waƙa ɗaya da addu'a, kowace uwa ta zuba wa nata ruwa da moɗa.

9. Sunaye

Wannan wuri yana son hankali. Malamanmu da yawa ba sa son duk abin da zai sa wuri ya yi kama da kabarin da ake ziyarta don neman tabarraki, kuma suna da hujja. Abin da na saba yi a masallaci shi ne, kowane itace a ba shi lamba a ɗan guntun ƙarfe, sunan mamaci da ranar dashe da sunan mai kula kuma su shiga littafin nan, a ajiye wurin liman, a kwafe shi a wani gidan. A coci sun fi son allo guda a jikin bango mai ɗauke da dukkan sunaye, da gicciye a sama da benci a gabansa, inda suke taruwa ranar tunawa da matattu, wadda Katolika ke yi 2 ga Nuwamba.

Ko wanne aka zaɓa, alamar kowa ta zama iri ɗaya. Kada mai kuɗi ya kawo marmara, talaka ya samu gwangwani. Wajen rabon itatuwa a yi ƙuri'a, don kowa zai so na kusa da ƙofa. Kada a buga ƙusa a jikin itace, kada a ɗaure waya ta matse shi. A rataya lambar a turken shinge.

10. Shekarar farko

Da damina aikinka cire ciyawa da buɗe wa ruwa hanya in ya kwanta a gindi fiye da kwana biyu. Da ruwa ya ɗauke, shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa mai kaurin yatsu huɗu, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin dashen saboda gara. In ka ga gara ta fara gini a jikinsa, kankare, ka barbaɗa toka da dakakken ganyen dogon yaro, ka kuma duba ko ƙishirwa ce ta raunana shi, don gara ta fi kama itacen da ya galabaita. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, mai yawa lokaci ɗaya, ya fi yayyafi kullum. Kafin lokacin habub, wato guguwar ƙura, kafa turke ta gefen da iska ke fitowa ka ɗaure dashen da tsumma, sako-sako. Kada ka datse rassa a shekarar farko sai wanda ya bushe. Zogale kaɗai ake yanke wa kai in ya kai ƙirji, don ya yi rassa.

A shekara ta biyu a rage ruwa zuwa sau ɗaya a mako. Daga ta uku kurna da aduwa da dogon yaro suna iya riƙe kansu, lemun tsami da gwaiba kuwa har abada suna bukata.

11. Idan dashe ya mutu

Zai faru, ko a hannun gwani. Shi ya sa tun ranar dashe nake gaya wa iyalai a gaban kowa cewa cikin goma ana iya rasa biyu, kuma wannan ba ya nufin komai game da mamacinsu ko karɓuwar sadakarsu. In ba ka faɗa da wuri ba, wata za ta kwana tana kuka tana cewa ko Allah bai karɓa ba ne. Kankare ɓawon da farce: in akwai kore a ciki, yana da rai, ci gaba da ba shi ruwa, musamman kuka da ke zubar da ganye da rani. In ya bushe har gindi, tone ramin ka ga dalili, ko ruɓewa ko gara ko ɓera, ka gyara, sannan ka ɗauko ɗaya daga rarar da ka ajiye. Ka je gidan da ƙafarka ka sanar da su, ka kira su su sake sa ƙasa da hannunsu, lambar kuma ta zauna yadda take. In bazara ta riga ta shiga, a bar ramin a buɗe, a ci gaba da renon dashen a inuwa har ruwan Yuli ya sauka.